Sikelin Malam da Wayar da Ban Buga Ba

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba ni Malam, shi ya karɓi abinsa. Sunana Asabe. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Surukata Rabi ce zaune a gabana da kwamfuta tana rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta jira ni. Shekaranjiya na fita takaba, kuma har yau in na ji ƙarar buta a banɗaki sai in ɗauka shi ne. Ina so tsofaffi irina da 'ya'yansu suka kawo ƙasar nan su ji abin da ya same mu, 'ya'yan ma su ji.

Malam mai awon auduga ne a Funtuwa. Shekara talatin da ɗoriya yana kan sikeli, ba a taɓa cewa ya tauye wa manomi ko ƙwara ba. Shekara arba'in da tara muka yi tare. Ɗanmu na fari, wanda kowa ke ce wa Injiniya, shi ya ɗauko mu zuwa garin Germantown a Amurka shekara uku da suka wuce. Ba na kiran sunan Malam, ba na kiran sunan wannan ɗan. A gidanmu haka muka tashi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama a yi hira da shi, ba a nuna masa so a fili. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi. Ko a nan da bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu, in ya shigo gaishe ni ina kallon gefe nake amsawa, in kuma ina da magana da shi ta bakin Rabi take bi.

Malam ya daɗe da hawan jini. A shekararmu ta biyu a nan ya fara haki in ya hau bene, aka ce zuciyarsa ta yi rauni. Mu da aka kawo da tsufa, inshorar gwamnati ba ta hawa kanmu sai mun cika shekara biyar, don haka Injiniya ya saya mana wata da kuɗinsa. Ga yadda ganin likita yake da ita. Rabi za ta buga waya, a ce sai nan da mako shida. Ranar ta zo, kafin ka zauna akwai taga, a tagar akwai mata, ita ba ta tambayar me ke damunka, katin inshora take tambaya da dala arba'in. Ka zauna awa guda. In an kira ka, likita na kallon kwamfuta yana magana, tafinta na cikin waya yana juya mana, minti goma an tashi. Wani tafintan mutumin Nijar ne, rabin Hausarsa Faransanci, Malam ya ce, "Dakta, a samo mana wanda zai fassara mana tafintan." Likita bai ji ba, ya riga ya miƙe.

Bayan mako biyu kuma sai ambulan na takardun biyan kuɗi su fara shigowa. Na gwajin jini daban, na hoton ƙirji daban, na wanda ya karanta hoton daban. Wata rana Malam ya tsare Rabi ya ce sai ta karanta masa guda. Ta karanta. Ya mayar da kuɗin naira a kansa, ya ɗauki hularsa ya sa, ya ce, "Na warke." Daga ranar ya ƙi komawa. Wata uku ana lallashinsa, yana haki yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa Injiniya ya nemo Dakta Bitrus, mutumin Filato, mai ƙaramin ofis a nan Germantown. Bari in faɗa muku yanzu abin da ni ban sani ba a lokacin. Irin waɗannan likitocin ba ruwansu da inshora. Ana biyansu kuɗi ƙayyadadde duk wata, kamar kuɗin haya, ko ka je ko ba ka je ba. In an biya, ka je sau goma a wata, ka buga waya sau ashirin, ba ƙarin ko sisi. Injiniya na biyan dala casa'in na Malam, casa'in nawa. Amma da yake ya ga yadda ambulan ɗaya ta kori ubansa daga asibiti, sai ya roƙi likitan kada ya taɓa yin maganar kuɗi a gabanmu, ya kuma ja wa Rabi kunne.

Ranar farko da muka je, ba taga, ba mai tambayar kati. Dakta da kansa ya buɗe ƙofa, ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Mama, ina gajiya?" Shekara biyu ban ji likita ya yi mini Hausa ba. Awa guda cur ya yi da Malam. Ya tambaye shi aikinsa, abin da yake ci, matashi nawa yake tadawa in zai kwanta. Da ya ji mai awon auduga ne sai ya ɗauko sikeli irin na tsayawa a kai ya ce, "To Baba, na samu ma'aikaci. Kullum da safe, bayan ka yi fitsari kafin ka karya, ka auna kanka ka rubuta."

Malam ya ce, "Ni za a koya wa awo? Na san manomin da zai yayyafa wa auduga ruwa da asuba don ta yi nauyi. Ina taɓa buhun nake ganewa."

Dakta ya yi dariya ya ce, "Jikinka ma haka yake, Baba. In ka ga nauyi ya ƙaru cikin sauri, ba nama ba ne, ruwa ne, kuma huhu zai nufa. Fam uku, wato kusan kilo ɗaya da rabi, a kwana ɗaya, ko biyar a mako, ka kira ni. Kada ka jira. Kuma gishiri, kun rabu."

Ya karɓi wayata ya sa hotonsa a fuskarta, ya ce tunda ban iya karatu ba in danna hoton kawai. Ya kuma gaya wa Injiniya a gabanmu, "Ni ba asibiti ba ne. In abu ya kai ga kwanciya ko aiki, inshorarku ce za ta ɗauka. Kada a yar da ita."

Da za mu fita, Malam ya sa hannu a aljihu yana waige-waige. Ya ce, "Ina ake biya?"

Injiniya ya ce, "Baba, nan ba a biya a ƙofa. Likitan namu ne. Mu tafi."

Muka kama hanyar gida. Sai da muka shiga ɗaki Malam ya ce mini, "Kin ga ɗan halak? Saboda mutuncin yaron nan ya duba ni kyauta, awa guda. To ki ji. Mutum ya yi maka haka, ba za ka riƙa buga masa waya kamar ka ɗauke shi aiki ba. Ranar da ya sa mana za mu je, mu riƙe masa wani abu a hannu. Ban da wannan, a bar shi ya nemi abincinsa." Ni ma haka na fahimta. Ban ga abin tambaya ba, in ma akwai, ba ni ce zan je in tambayi ɗan farina ba.

Wata biyar muka yi cikin daɗi, ba zan ɓoye alherin ba. Dakta ya rage magungunan Malam daga bakwai zuwa huɗu, ya ba shi wata ƙwaya mai sa fitsari, haki ya tafi. Magani a ofishinsa ake ba mu, jini a ofishinsa ake ɗiba, ambulan ta daina zuwa da sunan Malam. Malam ya koma zuwa Juma'a, har yakan zagaya tafkin unguwarmu da yamma yana yi wa agwagin faɗa. Duk zuwa da abin da yake kai wa likita: dabino, turare, sau ɗaya ma hula zanna da ya sa aka aiko daga gida. Kullum da safe ya hau sikeli, ya rubuta a wani ɗan littafi da ajami. Ni nakan tsaya a bayansa, ina ganin lambobi suna haske, ban san me suke cewa ba.

Sai Babbar Sallah ta zo. Su Injiniya suka tafi wata gona gaba da garin Manassas inda ake yanka, suka dawo da rago a cikin kwali. Ni da Rabi muka soya, da gishiri da yaji yadda aka saba don kada ya lalace. Na ware wa Malam nasa ba gishiri. Ya ɗanɗana ya ture, ya jawo babban daron. Na ce, "Malam, likita fa." Ya ce, "Naman layya ne, sau ɗaya a shekara." Kwana huɗu yana ci. A na biyar, da ya cire safa zai yi alwala, na ga bakin safar ya bar masa shaida a ƙwauri, rami zagaye kamar an ɗaure da igiya. Washegari ya daɗe a kan sikeli fiye da kullum. Ya sauka, ya sake hawa. Na ce, "Nawa?" Ya ce, "Daidai." Wannan shi ne makon farko.

A mako na biyu takalminsa ya ƙi shiga. Ranar Litinin da hantsi Dakta ya kira da kansa, kamar yadda yakan yi jefi-jefi. Ina zaune ina tsince wake, ina ji. Malam ya ce, "Lafiya lau, Dakta, alhamdu lillahi. Ɗari da saba'in da biyu, kamar kullum. A'a, ba komai. Allah ya saka da alheri." Ya kashe.

Na ce, "Malam, ƙafarka fa ba kamar kullum take ba."

Ya ce, "Yaushe kika fara karatun sikeli?"

"Ban iya sikeli ba, amma na iya ƙafarka."

"Naman Sallah ne, zai sauka. Saura mako uku ranarmu ta zo. In na ce masa ya ƙaru, zai ce in zo yau, ya bar masu biyansa ya zauna da ni. Mako mai zuwa ma haka. Sai ya fara ganin lambarmu yana tsaki, yaron nan ya ji kunya a idon abokinsa." Ya nuna ni da yatsa, abin da ba ya yi. "Kuma ban yarda ki kai wa Rabi ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Ya iya ɓoyewa. Injiniya kan fita tun da sassafe don gudun cunkoson hanya, Rabi ma na aiki a ofishin wata makaranta. Kafin su dawo Malam ya zura doguwar jallabiya, ya zauna a kujera ya rufe ƙafa da bargo, ya ce sanyin na'ura ne ke damunsa. In sun gaishe shi ya amsa a taƙaice don kada su ji hakin.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, sai na aika wa ƙanwarsa Hanne saƙon murya a Funtuwa, tunda ita bai hana ni ba. Kafin yamma saƙonni sun cika wayata. Wannan ta ce zogale, wancan ya ce tafarnuwa da zuma, wani ya ce sammu ne a nemi rubutu. Hanne ta ce, "Yaya Asabe, kumburi ai ba ya jin komai sai jiƙon kanwa da tsamiya. Haka aka yi wa Baffa." Ina da kanwa a gida, wadda muka saya a shagon 'yan Afirka a Silver Spring don miyar kuka. Na jiƙa. Da hannuna na ba shi, safe da yamma, kwana shida. Daga baya Dakta ya gaya mini cewa a wajen zuciya irin ta Malam, kanwa da gishiri abu ɗaya ne. Rabi, rubuta wannan yadda na faɗa, kada ki sassauta. Da hannuna.

A mako na uku ya daina kwanciya. A kujera yake barci, a zaune yake salla. Kumburin ya wuce gwiwa, in na danna yatsana sai ramin ya tsaya. Tari ya zo, wani iri mai ƙurƙur kamar ana tafasa ruwa a nesa. Sau nawa na shiga banɗaki da waya na rufe ƙofa, hoton Dakta na kallona, babban yatsana a kansa? Ban iya ƙirgawa ba. In na ce zan danna sai in ji muryar Malam. Shekara arba'in da tara ban taɓa tsallake maganarsa ba. Kuma ni ma na yarda roƙo ne, na yarda in na danna na zama tsohuwar da aka yi wa alheri ta dawo da ƙoƙo. Sai in wanke fuska in fito.

Ranar Asabar da safe na yanke shawara. Ya ce kada in kai wa Rabi, bai ce kada in kai wa ɗansa ba, don bai taɓa zaton zan iya ba. Rabi ta fita cefane. Injiniya na kicin shi kaɗai yana haɗa shayi. Na je na tsaya a bakin ƙofa. Maganar na bakina, na shirya ta tun asuba: ka je ka ɗaga bargon ubanka, kuma ka gaya mini in da laifi a kira likitan nan. Ya juyo ya gan ni, ya ajiye cokali da sauri, don bai saba ganina na nufo shi ba.

Ya ce, "Inna, akwai wani abu ne?"

Na dubi fuskarsa. Ban san yaushe rabon da in dube ta sosai ba, har furfura ta fito masa a gemu. Na ji bakina ya ce, "Sukari ya kusa ƙarewa."

Ya ce, "To, Inna."

Da yamma ya shigo da babban buhun sukari. Yana nan a kabad har yanzu, na hana a buɗe.

Ranar Talata ta mako na huɗu, da hantsi, gida ba kowa sai mu biyu. Malam ya miƙe zai yi alwalar walaha, ya kai ƙofar banɗaki ya zame ya zauna a ƙasa. Leɓensa ya canza launi, yana jan iska ba ta shiga, idonsa a kaina. Ban san lokacin da na danna hoton ba. Ƙara biyu Dakta ya ɗauka.

Na ce, "Dakta, ka yi haƙuri da damunka."

Ya ce, "Mama, bar wannan. Sa wayar kusa da bakinsa in ji."

Na sa. Ya saurara kaɗan ya ce, "Kada ki kwantar da shi. Jingina shi da bango a zaune. Je ki buɗe ƙofar gida ki dawo. Na kira motar asibiti da ɗaya wayar, suna hanya. Kada ki kashe, ina tare da ke." Bai kashe ba har suka shigo. Wayar da na yi mako uku ina tsoro ke nan.

A asibiti aka sa shi a bayan labule a sashen gaggawa, da abin iska a fuska. Awa tara muka yi a wurin kafin a samu gado a sama. Ana cikin haka wata mata ta turo kwamfuta mai taya har gefen gadonsa tana tambayar kati. Na san aikinta take yi, amma ban yafe wa wannan tsarin ba. Likitocin asibitin kuwa sun yi ƙoƙari, Allah ya gani. Sun ja ruwa daga jikinsa har na ga ƙashin idon sawunsa ya fito. Sai dai suka ce zuciyar ta wahala da yawa, ƙoda ma ta fara gazawa. Kullum sabuwar fuska ce ke shigowa, kowa da nasa Turancin. Dakta Bitrus ba shi da iko a asibitin, amma duk yamma in ya rufe ofis sai ya zo, ya karanta abin da suka rubuta, ya zauna ya gaya mana da Hausa.

A kwana na uku Malam ya farfaɗo sosai, aka cire masa abin fuska. Ni, Injiniya, Rabi da Dakta muna ɗakin. Ya kama hannun Dakta ya ce, "Ɗana, ka gafarce mu. Abin da nake gudu ke nan. Kana duba mu kyauta, ga shi mun hana ka zuwa gida wajen iyalinka."

Dakta ya ce, "Baba, kyauta?" Ya juya ya dubi Injiniya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Injiniya ya durƙusa a gefen gadon ya ce, "Baba, ba kyauta ba ne. Ni nake biya. Duk wata."

Malam ya daɗe yana kallon sama. Ya ce, "Duk wata?"

"Duk wata, Baba."

"Ko na je ko ban je ba?"

"Ko ka je ko ba ka je ba."

"Wayar fa?"

Dakta ya ce, "Tana ciki, Baba. Duk an biya."

Sai Malam ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ashe asara na yi ta ja maka, ina ganin tattali nake yi." Ya ɗora hannu a kan ɗansa ya ce, "Tashi. A ƙarƙashin sallayata akwai littafi. Ka kawo wa likita, haƙƙinsa ne. Awon da na gaya masa a waya ba shi ne a ciki ba."

Washegari aka kawo littafin. Injiniya ya karanta ajamin, Dakta na saurare. Malam bai yi wa littafin ƙarya ko sau ɗaya ba. Kullum lamba na hawa, daga Sallah zuwa ranar da ya faɗi fam goma sha shida. Mutumin da bai taɓa tauye awon kowa ba, nasa ya tauye, don kada ya yi wa wani nauyi.

A baranda na tare Dakta. Na ce, "Ka gaya mini gaskiya. Da na danna tun farko fa?"

Ya ce, "Mama, ba zan ce miki da ya rayu ba, rai ba a hannuna yake ba, zuciyar kuma ta daɗe da rauni. Amma fam ukun farko, ƙwaya ɗaya zan ƙara masa a waya, in ce a kawo shi washegari in gani." Sannan ya ce, "Ni ma da laifina. Ɗan Arewa ne ni, na san mutum na kan gadon mutuwa zai ce lafiya lau. Da sai in ce a ba Mama wayar. Kuma bai kamata in yarda a ɓoye masa maganar kuɗin ba."

Na gode masa da bai kare kansa ba. Amma ina da ƙorafi a kansa, kuma na gaya masa: ya sa hotonsa a wayata, bai taɓa kiran wayar ba.

Malam ya cika ranar Alhamis bayan la'asar, kwanansa tara a asibiti. Ina riƙe da ƙafarsa, ta koma siririya kamar ta da. Yakan ce a kai shi kusa da iyayensa a Funtuwa, amma a nan aka rufe shi, a maƙabartar Musulmi, cikin baƙuwar ƙasa. Dakta ya zo ta'aziyya, ya cire takalmi ya zauna a kan darduma cikin maza, Kirista ne amma har aka shafa yana nan. A ranar ya tsayar da kuɗin watan Malam ba tare da an roƙe shi ba. Asibiti kuwa wata uku ambulan na zuwa da sunan mamaci. Inshora ta ɗauki nata, ta bar wa Injiniya nasa, kuɗin wata na likita bai taɓa ko kusurwar wannan ba. A san da haka, kada wani ya ji labarina ya yar da inshorarsa.

Abin da zan ce wa 'ya'ya: in kun sa iyayenku a irin wannan tsarin, ku zaunar da su ku gaya musu an biya. Ku faɗi kuɗin, ko za su yi faɗa. Mu mutanenmu abin da muka biya muna cinsa har ƙasan kwano, abin da aka ba mu kyauta kuwa da ɗan yatsa muke taɓawa. Tsofaffi 'yan'uwana, ku tambaya. Ni yanzu ina danna hoton. Makon jiya jiri ya ɗebe ni, na danna, ya ce in zo da azahar, na je, na dawo. Abin bai fi haka ba, kuma shi ne abin da ke hana ni barci.

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya masa makwanci, ya sa awonsa ya yi nauyi a inda awo ke da amfani. Allah ya saka wa Dakta, ya saka wa Rabi da take rubutu tana share hawaye da gefen mayafi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ce a kawo kwamfutar. Tun rasuwar nan ɗana ba ya cin abinci. In ya dawo aiki ina hango shi ta taga, zaune a mota a ƙofar gida, ya kashe injin, ya daɗe bai fito ba. Ya gaya wa Rabi wai shi ya kashe ubansa da ƙarya. Wata huɗu da kwana goma ina jin haka, in ya shigo gaishe ni ina kallon gefe. Na ce Rabi ta ba shi wannan takardar ya fara karantawa kafin kowa. Ta ce ko ta rubuta sunansa a madadina, tunda ta san shi. Na ce a'a, ta jira, da bakina zai fito.

Abubakar. Ba kai ba ne. Ranar Asabar ɗin nan ba sukari na zo nema ba. Ka fito daga motar nan ka shigo, na yi tuwo, ina so ka ci a gabana.